Tabarau ɗaya, samari shida: wane wasan kasada na VR zai dace da wa?

Abu Hafsa (Jidda): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce gare ni ga masana. Samarin istiraharmu, wato gidan hutun da muke taruwa, sun yi karo-karo za su sayi tabaran VR, irin wanda kake ɗorawa a fuska ka ga kanka a cikin duniyar gem, su shida ne, kuma kowa da inda ransa ya karkata. Wani labari yake so, wani faɗa, wani shi dai a sake shi ya yi ta yawo. Duk bidiyon da aka buɗe na "gem goma da suka fi kyau" sunayen nan dai ake maimaitawa. Ta yaya mutum zai gane wanda zai dace da shi tun riyal bai bar aljihu ba? Wasannin kasada nake nufi, masu tafiya da bincike da labari.

Injiniya (Dahran): Wa alaikumus salam Yaya Abu Hafsa. Kafin a zo kan ra'ayin kowa, a fara sanin wane tabarau za a saya, don shi ne ke yanke rabin jerin tun ba a fara ba. Meta Quest 3, wanda ya fito a Oktoban 2023, da ƙaninsa Quest 3S na Oktoban 2024, suna aiki su kaɗai ba waya ba kwamfuta. PlayStation VR2 na Fabrairun 2023 ba ya aiki shi kaɗai, don PS5 aka yi shi, kuma da igiya ɗaya a jiki. Sai hanya ta uku, a haɗa tabarau da kwamfutar gem a yi wasannin Steam, kantin gem na kwamfuta.

Kowace hanya da abin da ta kulle. Horizon Call of the Mountain na PS VR2 ne. Asgard's Wrath 2 da Assassin's Creed Nexus na Quest ne. Batman: Arkham Shadow ma na Quest ne, amma ba ya tashi a kan Quest 2, sai 3 ko 3S. Half-Life: Alyx kuwa sai kwamfuta. Sannan a kula, wasannin tsohon PlayStation VR na zamanin PS4 ba sa aiki a kan VR2. Duk wanda ya tallata maka tarin tsofaffin faifai a kasuwar gwanjo ta Haraj ya ce "na VR ne", tambaye shi wane VR ɗin.

Malam Na Misfala (Makka): Injiniya ya fara da ƙarfe, ni zan fara da mutum. Wannan tambayar ta Abu Hafsa tsohuwa ce. A 1996 Richard Bartle ya kasa masu wasa gida huɗu: mai son cin nasara da tara maki, mai son bincike, mai son hulɗa da jama'a, da mai son murƙushe wasu. Daga baya, a 2015, Nick Yee da abokin aikinsa suka kafa Quantic Foundry, suka faɗaɗa abin zuwa dalilai 12 a rukuni shida, wato ɗauki-ba-daɗi, jama'a, ƙwarewa, cimma buri, nutsewa cikin labari, da ƙirƙira. Suna da 'yan tambayoyi na kyauta a shafinsu, 'yan mintoci ne an gama.

Ni dai na fi ba da shawarar gajeriyar hanya. A kira kowane saurayi, kada a tambaye shi wane gem yake so, don zai faɗi wanda ya fi suna ne. A tambaye shi gem na ƙarshe da ya kai har ƙarshensa, da na ƙarshe da ya watsar a tsakiya, da kuma daidai inda ya watsar. Wanda yake danna tsallake duk lokacin da aka fara hira tsakanin 'yan wasa, ko ya rantse yana son labari kada ka yarda. Wanda aka nuna masa ƙofa a dama ya bi hagu don ya ga abin da ke bayan akwati, mai bincike ne. Wanda ba ya iya barin mataki sai ya tsince komai ya ga ɗari bisa ɗari, mai cikawa ne, kuma wannan daban yake da mai bincike ko da yake daga nesa sun yi kama. Wanda babban abokin gaba ya kashe sau goma ya ce a sake, ƙwarewa yake nema. Wanda ba ya kunna gem sai ya ga abokai sun hau, to zaman ne yake so, gem ɗin hujja ce kawai.

Ummu Yasir (Riyad): Malam, wannan rabon yana da kyau a kan talabijin. A cikin tabarau akwai alƙali na biyu, shi ne ciki. Ido yana ganin kana gudu, kunnen ciki mai kula da daidaiton jiki yana cewa a tsaye kake cik, daga wannan saɓanin ne jiri da tashin zuciya ke tasowa. Abin takaicin kuma, wasannin da suka fi dacewa da mai son yawo da mai son faɗa su ne suka fi juya ciki, domin su ne masu tafiyar sulu, wadda kake tura sandar kwantirola jikinka ya zame gaba kamar kana kan tayoyi.

Saboda haka sabon shiga, ko me yake so, makon farko ga yadda za a saita masa. A zaɓi tafiyar layar zana, wato ka nuna wuri ka ɓace ka ɓullo a can. Juyawa a sa ta tsinke-tsinke, digiri 30 ko 45 a kowane danni, ko kuma ya juya da ƙafafunsa da kansa, wanda ya fi duka. A kunna baƙin da'irar nan da ke rufe gefen ido lokacin motsi. A sa fanka tana bugun fuska, tana rage zufa kuma tana nuna wa jiki ina ne gaba. Minti 10 zuwa 15 ya isa a zama na farko. Da zarar ya ji ɗumi a ƙeya, ko miyau ya taru a baki, ko ya fara hamma ba dalili, ya cire nan take. Masu daurewa don kada a yi musu dariya su ne ke kwana da ciwon kai, daga nan ko warin robar tabaran suka ji sai zuciya ta tashi.

Kantin Meta yana sa wa kowane gem alamar sauƙinsa ga jiki, hawa uku ne: mai sauƙi, matsakaici, mai tsanani. Boneworks da Bonelab kada sabo ya kusance su, a can jikinka gabaɗaya yana karo da bango yana tangal-tangal, kai kuma yana bin sa.

Abu Hafsa (Jidda): Hajiya Allah ya saka. To mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Mai son labari fa, wanda kuma ba a san ƙarfin cikinsa ba?

Ummu Yasir (Riyad): Moss na 2018, sai ya bi da Moss: Book II na 2022. A zaune ake yin su, kai ba ka motsawa ko kaɗan. Kana sama ne kamar wani ƙato, a gabanka ga ɗan daji kamar an ɗora shi kan faifai, ga wata 'yar ɓera mai suna Quill da takobinta. Kana tafiyar da ita da sanda, kana kuma miƙa hannu cikin duniyar ka ja dutse ka buɗe mata hanya. Inda gem ɗin yake kama mutum shi ne idan ka sunkuya ka leƙa bayan wata rusasshiyar katanga ka hango takardar da aka ɓoye, wadda ba za ka taɓa gani ba in ka zauna sandararre. In kun warware wani wuri mai wuya sai ta ɗaga ɗan hannunta tana jira ku tafa, in ka maƙale ta yi maka ishara da yaren kurame. Aibinsa gajarta, na farkon kamar awa huɗu ya ƙare. Kuma samari sukan raina shi da gani su ce na yara ne. A bar su su sa tabaran tukuna.

Ɗan Karantina (Jidda): Anti, da girmamawa, wanda ya saba da manyan gem a PS5 in ka ba shi ɓera zai ce an cuce shi. Mai son labari na gaske Half-Life: Alyx ya kamata ya yi. Kamfanin Valve suka fitar da shi a Maris 2020 kuma har yau shi ake auna sauran da shi, awa goma sha wani abu ne. Yana da layar zana, don haka maganar ciki ba ta hana shi. Ku dubi yadda ake ɗura bindiga a ciki: ka danna kwanson harsashi ya faɗi ƙasa, ka kai hannu bayan kafaɗa ka zaro sabo, ka cusa, ka ja saman bindigar. A cikin haske abin wasa ne. A cikin duhu, da tocila a hannu ɗaya, wani abu yana jan ciki yana nufo ka, sai ka ga babban mutum ya yar da kwanson yana lalube a ƙasa. Wannan rawar hannun ita ce abin da talabijin ba ta iya ba ka.

Injiniya (Dahran): Ƙanena gaskiya ka faɗa game da ingancinsa, sai dai ka faɗi kuɗin shiga. Mafi ƙarancin abin da Valve suka rubuta shi ne katin hoto GTX 1060 ko RX 580 mai giga 6, da RAM giga 12, kuma wannan na lallaɓawa ne. Gem ɗin kansa ya haura giga 60. In da Quest za a yi shi ba igiya, ta manhajar Steam Link ko Air Link ko Virtual Desktop, to kwamfutar ta shiga rauta, wato na'urar raba waifai, da igiyar intanet, tabaran kuma ya hau waifai na 5GHz, rautar tana ɗaki ɗaya da mai wasa, ba bango a tsakani. Mutane suna ruɗewa a nan, suna zaton saurin layin kamfani ne ke sa hoto ya yi kyau. Hoton daga kwamfuta yake zuwa tabarau ta cikin gida, bai fita waje ba. Abin da ke lalata shi shi ne rauta ɗaya da wayoyi goma sha biyar a kanta, irin na istiraha daren Juma'a. Hoto ya riƙa tsinkewa, tsinkewar kuma kai tsaye take zuwa ciki. Maganinsa ƙaramar rauta ta daban, ta tabarau kaɗai.

Sannan Alyx yana da ban tsoro sosai a wasu sassa. Son labari daban, jure tsoro daban. A tambayi mutum tukuna.

Malam Na Misfala (Makka): Bari in tsaya kan mai bincike, don a nan aka fi asarar kuɗi. Kalmar ɗaya ce amma mutum biyu ne a ƙarƙashinta.

Na farko yana son wurin da aka gina da hannu, kowane lungu da dalilinsa. Wannan a ba shi Red Matter na 2018 da Red Matter 2 na 2022. Tashoshin sararin samaniya ne da aka watsar, kana bin ɗaki-ɗaki da wata na'ura a hannu, kana haska rubutun bango da takardun da aka bari tana fassara maka, daga nan kake haɗa abin da ya faru da kuma lambar da za ta buɗe ƙofa ta gaba. Na biyun yana cikin waɗanda suka fi kyan hoto a kan Quest ba tare da kwamfuta ba. Harbi kaɗan ne a cikinsa, kuma shi ne sashen da ya fi rauni, wanda ya shiga don faɗa zai yi hamma. Irin wannan mutumin zai ji daɗin Myst ma, wanda asalinsa na 1993 ne aka sake gina shi don tabarau a 2020, da Riven da aka sabunta a 2024. Sai dai su biyun ba sa riƙe maka hannu ko kaɗan, kuma akwai wata matsala da ba a faɗa: an tsara su ne don mai takarda da biro a gefe, kai kuma idonka a rufe yake. Dabarar ita ce ka riƙa ɗaukar hoton allo duk inda ka ga alama ko lamba, ko wani ya zauna kusa yana rubuta abin da kake faɗa.

Na biyu faɗi yake so, ya ga tsauni can nesa ya san zai iya isa. Wannan No Man's Sky ne nasa, a PS VR2 ko kwamfuta, inda lissafin kwamfuta ke ƙera duniyoyin da ba za su ƙirgu ba. Ka tashi da jirgi daga ƙasa ka keta gajimare ka sauka a wata duniyar ba yankewa. Amma tunda ba hannun mutum ya jera su ba, bayan duniya ta ashirin za ka fara gane tubalin. Mai bincike na farko a nan zai gundura, ya ce ba komai a ciki. Shi kuma na biyu in ka kulle shi a Red Matter zai ce kurkuku ne. Skyrim VR yana tsakaninsu, faɗi ga shi kuma da hannu aka gina, sai dai tsohon gem ne da aka ɗora wa tabarau daga baya, takobi a hannu kamar kana kaɗa kara.

Ɗalibi (Madina): Malam, in ƙara wani abu da ya shafe mu nan musamman, wato harshe. Yawancin waɗannan wasannin Turanci ne, fassarar Larabci ba ta cika samuwa ba, Hausa kuwa ba a maganarta. Yaranmu da aka haifa a Makka da Jidda da yawa Larabcinsu ya fi Turancinsu nesa ba kusa ba. Red Matter da Myst karatu ne ginshiƙinsu, wanda ba ya karanta Turanci da sauri zai tsaya cak a ɗaki na uku. A shafin kowane gem a Steam da kantin Meta akwai jerin harsuna, Steam ma yana rarrabe na menu da na murya da na rubutun ƙasa. A duba kafin a biya.

Mai son wasa ƙwaƙwalwa da Turancinsa bai yi ƙarfi ba, The Room VR: A Dark Matter ya fi masa. Landan ce a 1908, wani masanin tarihin Masar ya ɓace, kana bin sawunsa. Akwai wasiƙu, amma warwarewar da hannu ce: murɗa wannan, zare wancan, saka madubi a ido ka ga abin da ke ɓoye cikin akwati. Daga tsayawa zuwa tsayawa ake dira, ba tafiyar sulu sam, don haka ko mai raunin ciki zai gama shi lafiya. I Expect You To Die ma a zaune ake yi, sai dai shi da mutuwa ake koyonsa, ka yi kuskure bam ya tashi ka koma farko. Mai haƙuri zai yi dariya, mai saurin fushi zai jefar da kwantirola.

Ɗan Karantina (Jidda): To ku ba ni fili in yi maganar 'yan faɗa, tunda an mai da zauren makaranta. Su ma kala-kala ne. Wanda ke son ya ji shi jarumi ne ba tare da wahala ba, Batman: Arkham Shadow. Naushi na gaske kake kaiwa, amma gem ɗin yana nuna maka ta ina za ka kai, hagu, dama, sama, kamar ana kiɗa kana bin ganga. Minti ashirin riga ta jiƙe. Wanda ke son ya yi ɓarna yadda ya ga dama, Blade & Sorcery, na Quest ana ce masa Nomad. Makami yana da nauyi a ciki, in ka kaɗa da sauri kamar mai korar ƙuda ba ya cin komai, sai ka sara da cikakken hannu. Jini ya yi yawa a cikinsa, ba na yara ba ne.

Wanda kuma ke son wuya, wato mai ƙwarewar nan da Malam ya faɗa, Into the Radius. Harsashi ɗaya-ɗaya kake cusawa cikin kwanso da yatsunka kafin ka fita. Bindiga tana datti, in ba ka zauna ka fesa mata mai ka goge da buroshi ba, za ta cije maka a daidai lokacin da ba ka so. Jakarka da hannu kake shirya ta, taswira ta takarda ce. Rabin wasan shiri ne a sansani. Wani zai ce wannan ai dawam ne, zuwa aiki, ba wasa ba, wani kuma a nan zai tare. The Walking Dead: Saints & Sinners na 2020 ɗan uwansa ne, ka fita cikin New Orleans da ambaliya ta ci ka tsinto kaya, in ka daɗe a buga ƙararrawa matattu su cika titi.

Gargaɗi ɗaya kan Horizon Call of the Mountain. Tallansa yana nuna manyan dabbobin ƙarfe da kwari da baka, sai ɗan faɗa ya ɗauka nasa ne. Mafi yawan lokacinka a ciki hawan dutse kake yi, hannu bisa hannu, faɗan kuma kana zagaye dabbar ne a kan da'ira da aka shata maka. Mai son kallon wuri mai kyau zai more, kafaɗa dai za ta faɗa masa washegari.

Abu Hafsa (Jidda): Asgard's Wrath 2 fa? Shi kowa ke ambata, wai ya fi awa 60, kuɗinka ya fita.

Malam Na Misfala (Makka): Tsawon gaskiya ne, kuma ga mai cikawa, mai son ƙara ƙarfi da tara makamai da share taswira, da wuya a samu kamarsa a Quest. Amma a yi lissafi. Batirin Quest wajen awa biyu yake yi, a manyan gem ma bai kai ba. Awa 60 ke nan zama talatin ko fi, a tabarau ɗaya da mutum shida ke layi a kansa. Awa a tabarau kuma ba awa ba ce a kan kujera, a tsaye kake kana sara. Da yawa suna saye don tsawon, su tsaya a kashi ɗaya cikin huɗu. Auna gem da yawan awa kamar sayen shadda ne da yawan yadi ba a taɓa ta ba. Girmansa ma wajen giga 30 ne, a tabarau mai giga 128 wuri ne babba.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa wa mutum tun kafin ya biya: labarin gabaɗaya a kan gumakan tsohuwar Masar da na mutanen arewacin Turai aka gina shi, kai kanka matsayin ɗaya daga cikinsu kake takawa. Wani zai ɗauke shi tatsuniya, wani ba zai so shi a gidansa ba. Kowa ya san inda ya tsaya, amma kada ya gano bayan kuɗi sun tafi.

Ummu Yasir (Riyad): Ni fa ina ganin an bar babban abu a baya. Mutum shida, tabarau ɗaya. Biyar suna zaune suna kallon ɗaya yana dukan iska. Dalilin da ya haɗa su tun farko zaman tare ne, to a sayi abin da zai ciyar da zaman. Keep Talking and Nobody Explodes don haka aka yi shi: mai tabarau yana ganin bam, sauran suna riƙe da littafin kwance shi, wanda ake bugawa kyauta daga intanet, su ba sa ganin bam ɗin shi ba ya ganin littafin. Sai ihu, "waya nawa ce, ja ko shuɗiya?" Ba kasada ba ce ta tafiya, na sani, amma ya fi kowanne haɗa ɗaki. Sauran wasannin kuma a riƙa jefa hoton kan talabijin, PS VR2 da kansa yake yi, Quest ta manhajar Meta Horizon ko burauza. The Room da Red Matter sun fi daɗi in ɗaki duka yana ba da shawara.

In daga baya wani ya sayi nasa tabaran, sai a shiga Demeo, mutum huɗu a kan tebur ɗaya ana bin kurkukun dodanni bi da bi, kuma wanda ba shi da tabarau zai iya shiga ta kwamfuta ko PS5. Ko Dungeons of Eternity ga masu son sara tare. A tuna dai wasan haɗaka ba ya tsayawa don mutum ɗaya, zaman Demeo yana iya cin awa biyu. Tsakanin Magariba da Isha ba lokacinsa ba ne, a bari sai an sallame Isha.

Injiniya (Dahran): Hajiya ta tuna mini. Quest yana karɓar asusu har huɗu a tabarau ɗaya, babba ɗaya da ƙanana uku, kuma in babban ya kunna raba manhajoji sauran za su yi yawancin wasannin da ya saya, kowa da inda ya tsaya. In ba haka ba wani zai shiga ya goge wa wani tafiyar sati biyu, zumunci ya ɓaci.

Abu na biyu, tazarar ƙwayar ido. Ba ɗaya ba ce tsakanin mutane, kuma in gilasan ciki ba su daidaita da idonka ba za ka ga dishi-dishi, kai ya yi ciwo, ka ɗora wa gem laifi. Quest 2 da 3S matsayi uku kawai suke da shi, milimita 58 da 63 da 68, ana tura gilasan da yatsa. Quest 3 da PS VR2 ɗan gare-gare ne da ake murzawa a hankali. Ga tabaran da zai riƙa yawo a kan fuska shida, wannan kaɗai ya isa ya sa in karkata ga Quest 3 in aljihu zai ɗauka. Kowa ya auna tasa sau ɗaya ya haddace lambar.

Sai yanayinmu. Rana ita ce babbar abokiyar gaba: gilasan ciki suna tattara haske kamar madubin ƙona takarda, in hasken rana ya faɗa kansu kai tsaye allon ciki yana ƙonewa cikin ɗan lokaci kaɗan, tabon kuma ba ya fita. Kada a ajiye shi kusa da taga, kada a bar shi a mota. Mai sayen na hannu ya buɗe farin shafi a ciki ya duba tabo, ya gwada sandunan kwantirola ko suna tafiya da kansu, ya tabbatar mai shi ya yi masa wankin masana'anta, wato ya goge asusunsa da komai ya mai da shi kamar sabo. Raɓar Jidda kuma, tabarau ya yi sanyi a gaban mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ka ɗora shi kan fuska mai zufa, nan take ya yi hazo. A kunna shi ya ɗan ɗumama minti biyu-uku kafin a sa. Gogewa da busasshen ƙyalle mai laushi kawai, ban da turare, ban da sanitaiza. A sayi murfin fuska na roba da ake gogewa tsakanin mutum da mutum, soso yana shan zufa. Fili kuma mita biyu da mita biyu, a ɗauke tiren shayi, a dubi fankar sama kafin a fara gem ɗin hawa ko na sara.

Ɗalibi (Madina): Game da kuɗi, akwai hanyar gwaji da ba ta cin komai in an kiyaye ƙa'ida. Steam da kantin Meta duka suna mayar da kuɗi in ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba a yi awa biyu ana wasa ba. A sa agogo. Cikin minti 90 na farko mutum ya lura da abu uku: abin da hannunsa ya fi maimaitawa, ko cikinsa ya ɗauka, da ko yana ɗokin komawa bayan ya cire. Kada shida su yi layi a kan gem ɗin gwaji, awa biyun za ta cika ba a sani ba. Kada kuma a mai da abin sana'a, ana lura da mai yawan mayarwa. PlayStation tsarinsu daban ne, da ka fara saukewa ƙofar mayarwa ta rufe, sai in gem ɗin ne ke da matsala. A can sai a dogara da na gwaji in akwai, ko a kalli bidiyon wanda ya yi wasan minti ashirin ba yanka, daga tsakiyar gem ba farkonsa ba. Farko kowa yana ƙawata shi.

Inda farashi yake da dala, riyal 3.75 ne dala ɗaya, gem na dala 40 riyal 150 ke nan. Katin PlayStation kuma sai ya dace da ƙasar asusun, na Saudiyya ba ya shiga asusun Amurka. Yawancin wasan haɗaka ta intanet a PS5 yana buƙatar biyan rajistar PlayStation Plus, a sa shi cikin lissafi.

Abu Hafsa (Jidda): Tayyib. Ga abin da na tsinta: Quest 3, asusu huɗu, biyu su yi haƙuri su raba da wasu. A fara da The Room VR da Moss don a ga cikin kowa, da na bam ɗin don zama. Sai Red Matter 2 ga mai bincike, Batman ga ɗan faɗa. Saura ɗaya, ƙaraminsu shekararsa 11, kullum yana biye da yayansa.

Ummu Yasir (Riyad): Sony sun ce PS VR2 ba na ƙasa da shekara 12 ba ne. Meta asusun kai sai 13, daga 10 zuwa 12 kuma sai asusun da iyaye ke riƙe da shi, su ne ke amincewa da kowane gem kafin ya buɗu. Kada a ba shi asusun yayansa, don a can Blade & Sorcery da ɗakunan hira da baƙi duk a buɗe suke. Moss ya ishe shi, a zaune, minti 15 ya huta, maɗaurin kai a ɗaure shi sosai don tabaran ya yi wa kan yaro nauyi. In ya ce yana ganin abu biyu-biyu ko da an kai gilasan ƙarshen matsewa, idonsa bai kai tazarar ba tukuna, a cire masa.

Ɗan Karantina (Jidda): Kuma a sayi batir AA kwali guda, kowace kwantirolar Quest ɗaya take ci. Igiyar wuyan hannu kuma dole, Yaya, talabijin ɗin istiraha ba ta da laifin kowa.